Wanda Muka Kira Matsoraci

Ranar tara ga watan goma, shekara ta takwas ta zamanin sarautar da ake kira Kanbun, da hantsi, Kuwabara Jinzaemon ya cika yana da shekara saba'in da ɗaya. Tari ne ajalinsa, shi da garin nan ya shekara ashirin da bakwai yana jira ya mutu da wuƙa.

Jinzaemon, ku huɗu ne na hannun daman marigayi ubangidanmu. Ranar da ya rasu, uku suka farke cikinsu suka bi shi, kamar yadda barade suka saba a lokacin, har da yayana Yagoro. Kai kuwa ka koma gida ka ci shinkafarka. Daga ranar muka sa maka Matsoraci. Ni da kaina na tare ka a kan gada, jama'a na kallo.

"Kai Jinza, cikin ne na ƙarfe, ko wuƙar ce ta awara?"

Ka rusuna ka ce, "Wuƙa lafiya lau, ƙanena. Ina 'ya'yan Yagoro, suna ci dai ko?"

Duk kaka sai ka ajiye kwandon busasshiyar kanya a ƙofar matar yayana, ita kuma ta zubar a kwata. Ba ka taɓa fashi ba.

Shekaranjiya matarka Otose ta zo har gida da layar da aka kwance daga wuyanka. Takarda ce mai hatimin ubangidanmu: kada kowa ya bi ni, wanda ya saɓa a ƙwace gidansa, a kori iyalinsa. Ta ce kai aka aika da takardar wurin su ukun, ka iske sun riga sun gama. Da a ce ka nuna ta, da sunanka ya wanku a yini ɗaya, da kuma gidaje uku sun watse. A cikin ɗaya daga cikinsu na tsufa, a ciki nake wannan rubutu.

Na ga mazan da suka yi jarumtar sa'a guda. Ban san ana yin ta shekara ashirin da bakwai ba.

Gobe a haikali zan karanta takardar gaban kowa, abin da za a yi wa gidanmu a yi.

Amida abin bautarmu ya ji ƙanka, ya karɓe ka a aljannarsa, Tsarkakakkiyar Ƙasa, ya sada ka da ubangidanka, ka gaya masa aikensa bai faɗi ƙasa ba. Otose, Amida ya ba ku haƙuri ke da 'ya'yanki, ku yafe mana. Matar yayana ta kasa ɗaga ido ta zo da kanta. Ta ce in roƙa mata kanyar bana, in ta yi saura.