Jinin Baffa da Na Ƙi Karɓa

Akwai wata safiya a Rano da ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina karatun digiri na biyu, bincikena kuma a kan jini ne. Idan mutum ya motsa jiki har ya yi gumi, ƙwayoyin halittar jikinsa sukan saki waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi cikin jini, waɗanda ido ba ya gani. Kowane ƙunshi da saƙon da yake kaiwa hanta da sauran sassan jiki, in an huta kuma sai su ragu. Aikina shi ne a ɗebi jinin mutum yana a huce, ya tuƙa keke, a sake ɗiba, in kwatanta. Na nace wa malamina sai a garinmu zan yi. Na sami izini, na bi majalisu ina bayani, mutane da dama suka ce in sha Allahu za su zo.

Ana jibi za a fara, sai magana ta ɓulla wai ɗan gidan wane ya dawo daga birni yana sayar da jinin mutane. Har suna aka yi a unguwarmu mahaifiyata ta kasa zuwa.

Ranar da aka sa, tun da sassafe muna farfajiyar ƙaramin asibiti, ni da ma'aikaciyar jinyar da za ta ɗebi jinin. Ga sirinji an jera, ga keken motsa jiki da na aro, ga kula cike da ƙanƙara. Hantsi ya dubi ludayi, ko mutum ɗaya bai shigo ba. Suna can tsallaken titi a gindin dalbejiya, sun zuba mana ido. In zauna in tashi, in leƙa ƙofa, in dawo in buɗe kular in ga ƙanƙara tana zama ruwa. Malamina ya kira sau biyu na kasa ɗagawa. Yanzu in na tuna, ba rushewar binciken ce ta fi cin raina ba, yadda zan ci gaba da gaisawa da mutanen nan ne.

Sai ga Baffa, yayan mahaifina, a kan tsohon kekensa. Dattijo ne mai zafin rai, a Durba yake zaune can wajen Kibiya, kuma daga can ya tuƙo da ya ji abin da ake faɗa. Rigarsa sharkaf da gumi. Ya jingine keken, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga murya yadda na tsallake za su ji.

"Ina mai sayar da jinin? Ga nawa, a fara da shi!"

Mutane suka fara matsowa. Ni kuwa na ga matsala, don jinin da nake buƙata da farko na wanda ya huta ne, shi kuma ga shi yana haki. Ma'aikaciyar ta dube ni, ita ma ta gane. Zuciyata ta ce a ɗiba kawai in rubuta yana a huce, wa zai sani? In na mayar da shi, na kunyata mutumin da ya zo wanke ni.

Na durƙusa a gabansa. "Baffa, ka yi haƙuri, ba zan iya karɓar jininka yau ba."

"Me ka ce? Nawa ne bai yi maka ba?"

Na yi masa bayani cewa tuƙin da ya sha ya riga ya cika jininsa da ƙunshin da nake son ƙirgawa, in na ɗiba yanzu ƙarya zan rubuta. Ya dubi damtsensa.

"Wato jinin ma ya san na yi tafiya?"

"Ya sani, Baffa. Ya ma kai wa hanta labari."

Wani mai sayar da taki, wanda na san da bakinsa a cikin maganar, ya kwashe da dariya. "Jama'a, mai sayar da jini ai ba a kawo masa har gida ya mayar." Ya tsallako ƙofa yana naɗe riga. "Ni tun safe ina zaune, ban yi aikin komai ba sai gulmarka. Nawa zai yi?"

Nasa muka fara ɗiba. Ba duka suka biyo shi ba, amma waɗanda suka shigo sun ishe ni fara aiki.

Baffa kuwa bai huce ba, ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba ya juya kekensa. Kwana biyu ina zullumi. A na uku sai ga shi a bayan babur, ya harɗe hannu kamar ango, yana yi wa mai babur faɗa ya bi a hankali kada ya tayar masa da jini.

Na yi makonni ina zuba bayani ba a yarda da ni ba, sai ranar da aka ga na ƙi abin da nake nema ruwa a jallo. Tun daga nan na gane mutane ba bakinka suke saurare ba, jira suke su ga abin da za ka yi ranar da gaskiya za ta ja maka asara.