Giwar da Goggo Esnart ta harbe

Tun jiya ake yawo da hoton nan: mace cikin kakin gandun daji, tsaye kusa da gawar giwa, kowa na zuba mata zagi. Wai makashiya. To ku saurara. Ƙanwar babana ce, Esnart Sakala, kuma ba ku san ta ba.

A bakin kogin Luangwa ta tashi, inda giwaye ke tsallakowa su share masarar shekara guda. Duk da haka aikin gadinsu ta nema. Ita ke raka baƙi masu shiga daji da ƙafa. Tana kan gaba riƙe da bindiga, mai yi musu bayani na bayanta, baƙi a layi ɗaya. A aljihunta akwai tsohuwar safa cike da toka, tana kaɗawa ta ga inda iska ke kai warin mutane. Tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa harbin dabba ba. In giwa ta taso, faɗa take mata kamar mai korar akuya daga rumbu, giwar ta juya.

Ran nan cikin baƙin akwai wani dattijo daga birnin Lusaka, ana ce masa Ba Simukonda, mai ciwon gwiwa, yana dogara sanda, ya zo tare da 'yarsa. Ga tsokana. A wajenmu Amai ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Bambo.

"Amai, bindigar nan taki tana tashi kuwa, ko ado ce?"

"Bambo, ka roƙi Allah kada ka sani," in ji Goggo.

Suna tsakiyar wata busasshiyar fadama ta kaɗa safa, sai ta ga toka ta juya. Iska ta kai warinsu cikin kurmi. Daga nan wani toron giwa ya fito. Goggo ta san shi sarai, mai tsagaggen kunne, tun yana bin uwarsa take ganinsa. Amma yau ɗingishi yake. Wayar tarko ta nutse a ƙafarsa ta gaba, wurin ya ruɓe, ƙuda na bi.

Dokar tafiyar ɗaya ce, ba a gudu. Lackson mai bayani ya ja baƙi da baya a hankali zuwa bayan wani babban suri. Kowa ya isa, ban da dattijon. Fadamar cike take da ramukan sawun giwaye tun na damina, sun bushe kamar dutse. Sandarsa ta faɗa ɗaya, ya kife.

Giwar da ke barazana tana buɗe kunnuwa ne, ta yi ta kururuwa. Wannan kuwa ya manne kunnuwa, ya naɗe hanci, ya taho shiru.

"Esnart, harba!" Lackson ya ce.

"Tsaya," in ji Goggo.

Ta tsallake dattijon ta tsaya a gabansa. Ta buga tafin hannu a jikin bindiga. "Kai! Koma! Ni ce, ɗan banza, koma!"

Bai ko rage gudu ba.

"Esnart, za ki kashe mu!" in ji Lackson.

'Yar dattijon na ihu a bayan suri, Lackson ya riƙe ta da ƙarfi. Goggo ta sake kiran giwar, muryarta ta fashe. Sai da ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafarta sannan ta ɗaga bindiga ta harba.

Inda toron ya faɗi, ƙurarsa ta rufe su su biyu. Dattijon na kwance yana ta "na gode, Amai," ko kallonsa ba ta yi ba. A lokacin wani baƙo ya ɗauki hoton da kuke zagi a kai.

Da manyanta suka gama dubawa, aka bar wa ƙauyuka naman, kamar yadda aka saba. Mutane suka yi ta zuwa da robobi da adduna, har da guɗa. Kakata ma ta samo nata, ta dafa, ta ajiye wa Goggo kusa da nshima, wato tuwon masararmu.

"Ci mana, ke kika kawo."

Goggo ta ture kwanon naman gefe. Ta gutsuri nshima, ta riƙe a hannu har ya huce.

"Mama," ta ce, "sau biyu na kira shi."