Jirgin da Aminina Bai Taɓa Tuƙawa Ba

Shekara talatin na yi ina gyaran agogunan jiragen sama, daga nan Zariya har Khartum da Jidda. Nuna mini gaban kujerar matuƙi kawai, in gaya maka jirgin. Tsofaffin na Rasha da mita suke auna nisa daga ƙasa, rubutun ma nasu ne. Na Ingila da ƙafa.

Shi ya sa ran sadakar arba'in ta aminina a Kwarbai na kasa zama. Babban ɗansa ya rataya ƙaton hoton marigayin a zaure, yana zaune cikin jirgin zamani mai alluna kamar talabijin. Bai taɓa tuƙa irinsa ba! Ƙaramin jirgin feshi ya tuƙa, mai kujera ɗaya, da zagayayyun agoguna da sandar tuƙi tsakanin gwiwoyi. Da shi yake bin fari da tsuntsayen jan-baki ƙasa-ƙasa bisa gonakin gero. Ni na ɗauki hoton na asali, ina tsaye kan fiffike, kuma babu wani hotonsa a jirgi sai shi.

Na ja yaron gefe. "Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Baba, mai hoto ne a Ƙofar Doka ya gyara da kwamfuta. Wancan jirgin ai akwala ne, baƙi za su raina Alhaji."

"Dubi hannunsa na dama. Me ya riƙe?"

Iska ya riƙe. Sun goge sandar, sun bar masa hannu a dunƙule.

"Ba mai lura, Baba."

"Ni na lura. Ina na asalin?"

"Yana shagon, ban karɓo ba."

A Sudan na ga manoma suna miƙewa tsaye in matuƙin feshi ya shigo. A nan ɗan cikinsa ke jin kunyar jirginsa.

Ko shinkafar ban taɓa ba, na tari a-daidaita zuwa shagon mai hoton. Na tarar da hoton cikin kwalin takardun da za a zubar, gefensa ya lanƙwashe. Na komo na yi sallama da Hajiya, matar marigayin, na miƙa mata.

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa kan agogo ɗaya. "Ba wannan ba ne yake cewa kai kaɗai ya yarda ka taɓa?"

"Shi ne, Hajiya."

Ta ɗaga murya ta kira ɗan. "Sauke mini wancan na zaure. Wannan za ka kai a faɗaɗa, kuma kada a taɓa masa komai."