Kiɗan Bayan Bango

Yayana ne ya shigo da na'urar gida a cikin kwali, ya ce daga Kasuwar Libiya ta Omdurman ya samo ta. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi, kai lasifika da kiɗa gidajen biki a Omdurman da Khartoum. Sai dai akwai wurin da ba ya shiga. Ranar da amarya za ta yi rawa mata ne zalla a ciki, sai ango. Shi sai ya jona wayoyi ya fito ya zauna a bakin ƙofa, wata daga dangin amarya ta riƙa danna waƙoƙi daga wayarta, kiɗa na yankewa, mata na tsaki. Ni kuwa na gama karatu ina zaune a gidanmu na unguwar Alsawra, ba aikin fari ba na baƙi. Ya dube ni ya ce, "Ke za ki riƙa shiga."

Na'urar ba ta fi tiren shayi girma ba. Faifai biyu ne a kanta, hagu da dama, kowanne da waƙarsa da ke fitowa daga kwamfuta, a gefen kowanne kuma akwai ɗan maɓalli da ake ja sama ko ƙasa don ƙara wa waƙa gudu ko rage mata. Aikin shi ne, kafin waƙar da mutane ke rawa da ita ta ƙare, ki saurari ta biyun ke kaɗai a samma'a, wato abin sawa a kunne, ki daidaita bugunta da na farkon har su zama ɗaya, sannan ki sake ta. Masu rawa ba za su san an sauya ba sai sun ji wata murya daban.

Akwai maɓallin da ke yin wannan daidaitawar da kansa. Ran farko Yaya ya yanko filasta ya manne shi, ya kuma yafa tawul a fuskar kwamfutar.

Na ce, "Yaya, to don me aka yi shi?"

Ya ce, "Don waƙoƙin da inji ya buga. Namu hannun mutum ne. Mai daluka in ta ji daɗi sai ta ƙara wuta, in ta gaji ta ja baya. Kwamfuta ba ta san gajiya ba, ƙirge kawai take yi. Za ta watsa ki a tsakiyar mata."

Daluka ita ce gangar yumɓu da mata ke bugawa a bikinmu, kuma yawancin waƙoƙin da ya tara a kanta aka yi su.

Na sha wuya. Kunne ɗaya a cikin samma'a, ɗaya a waje, sai in ji gangunan biyu suna karo kamar mata biyu da suka kasa lugude a turmi ɗaya. Na san ba su daidaita ba, amma in ce ga wadda ke gaba, ga wadda ke baya, ya gagare ni. Yaya yakan tsaya a bayana ya ce, "Tura." In tura faifan da yatsa. "Ya yi yawa, ja." In ja. Da ya ga abin zai ɗauki lokaci sai ya bar ni da kayan ya koma harkarsa.

Ɗakin baya aka ba ni, inda ake ajiye tsofaffin katifu, don kar in dami kowa. Tsakanin azahar da la'asar nake shiga, lokacin da rana ke korar kowa daga titi, ko kukan raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ba ka ji, mutanen gida duk sun miƙe a inuwa. Bangon ɗakin shi ne ya raba mu da gidan maƙwabta. Gidan a kulle yake tun ina makarantar firamare, masu shi sun tafi Saudiyya, kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, bishiyar lemun tsamin da ke leƙo mana ta bushe a tsaye.

Wata rana ina tsakiyar fama sai na ji bugun ya zama uku. Na ɗauka na bar wata waƙa a buɗe ne. Na ɗaga tawul na duba, biyu ne. Na tsayar da ta hagu, na tsayar da ta dama, na cire samma'ar. Bugun yana nan. Ƙasa-ƙasa yake, a daushe, kamar an lulluɓe gangar da bargo: bugu mai nauyi, sai ƙanana a bayansa, sai ɗan shiru da ya fi yadda kunne ke tsammani tsawo. Ina cikin saurare aka ɗauke wuta, fanka ta yi ta juyi har ta tsaya. A cikin wannan shirun na ɗora tafin hannuna a bango, na ji shi yana motsi a fatata.

Da yamma na gaya wa Yaya, ya yi dariya ya ce kowa da ya fara aikin nan sai kunnensa ya yi masa haka, shi ma har a cikin salla yakan ji ganga. Na so in yarda. Amma washegari da na shiga, ban ma kunna komai ba, na zauna, can sai ga shi.

Kakarmu, wadda muke kira Habboba, tana gyaran wake a tire na je na zauna kusa da ita. Ta yi ƙuruciyarta a gonakin audugar Jazira, ita kaɗai ce a gidan ba ta surka Hausarta da Larabci. Na ba ta labari. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya yake tafiya?" Na ƙwanƙwasa mata a gefen tiren. Ban kai ƙarshe ba ta damƙe hannuna, waken ya zube.

"Kar ki ƙara buga wannan a gidan nan."

"Habboba, mene ne?"

Ta daɗe tana tsince waken kafin ta ce kiɗan zar ne, irin wanda ake yi wa matan da iska ta taɓa. Tsohuwar gidan can ita ce ke haɗa shi tun kafin a haife ni. Da soja suka hau mulki aka hana, sai ta koma yi da tsakar rana, ƙofa a rufe, ganga a cikin bargo. Na ce ai tsohuwar ta rasu kafin masu gidan su tafi. Ta ce, "Ta rasu." Na ce to ko wasu ne ke da makulli. Ta ce, "Wataƙila," ta ci gaba da aikinta.

Ya kamata in bar ɗakin. Ban bari ba, domin na lura da wani abu. Bugun bangon ya fi kowace waƙa sauƙin bi. Ba murya, ba molo, ba tafi, ganga ce tsirara. Sai na riƙa sa waƙa ɗaya a samma'a, kunnena na waje yana bin bango. A nan na fara jin abin da Yaya ke ta faɗa. Idan waƙata ta riga shi, sai in ji kamar ana ja na ta gaba. Idan ta makara, kamar ana taka mini dunduniya. In tura, in ja, in sassauta gudun kaɗan. Gumi na zuba, amma hannuna yana koyo.

Ranar da na dace, bugun bangon ya shige cikin waƙata ya ɓace. Na tsaya cak, yatsana a saman faifai, ban san ko yana nan ko ya daina ba. Don in gane, sai na ƙara wa waƙata gudu kaɗan, ina jira in ji sun rabu. Ba su rabu ba. Na ƙara. Ba su rabu ba. Na danne faifan gaba ɗaya, waƙar ta mutu, sai ga shi a fili yana tafiya da sabon gudun da na sa. Ya yi 'yan bugu kaɗan, sannan ya tsaya, kamar mai jira in ci gaba.

Ban san yadda na fito ba. Na tsinci kaina a tsakar gida, ƙafata ba takalmi a kan siminti mai zafi. Da Yaya ya dawo na sa ya kwaso kayan ya kawo baranda. Ban sake shiga ɗakin da rana ba, kuma daga baranda ban taɓa jin komai ba. Da ya gwada ni a satin, na haɗa masa waƙoƙi a jere ba tuntuɓe, ya cire tawul ɗin ya ce na isa fita.

Bikina na farko a Jabal Awliya ne, gidan wasu masunta, da la'asar sakaliya. Yaya ya jona kaya ya fita. Tsakar gidan cike da mata, ƙamshin lalle da turare, amarya ta yi rawarta aka yi ta guɗa, sannan fili ya zama na kowa. Komai na tafiya lafiya. Can na sako wata tsohuwar waƙar daluka, na ga ta yi wa dattawan sauri, na ja gudunta baya, na ƙara ja. Sai da na ji shirun nan mai tsawo a tsakanin bugu na gane inda hannuna ya kai ta: daidai bugun bangon nan.

Wata dattijuwa da ke zaune a bakin gado tun ɗazu ba ta motsa ba, ta zame ta durƙusa. Kanta ya fara kaiwa da komowa. Guɗa ta tsaya. Ba wadda ta yi ihu, ba wadda ta tambayi abin da ya faru. Wata ta warware mayafi ta lulluɓe ta, wata ta je ta sa sakata a ƙofa, wata ta fito da kasko tana zuba turare. Na kai hannu zan kashe, sai uwar amarya ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta ce a kunnena, "Kar ki yanke, 'yata. In aka yanke mata a tsakiya sai ta kwanta ciwo. Rage ƙarar dai, kar a ji a titi."

A shekarun nan ko bikin kirki sai da izini, wannan kuwa in motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa duk sai mun kwana a hannu. Na rage ƙara. Waƙar kuma ta kusa ƙarewa. Na ɗora wannan waƙar dai a faifai na biyu, na ja gudunta daidai, na saurara, na tura da yatsa, na sake ta. Da wannan ta kusa ƙarewa na koma ta farko. Haka na yi ta yi. Mai dalukar da ke cikin waƙar takan ƙara wuta wajen ƙarshe, dole in riƙa danne ta. Ban kalli kwamfuta ba, bayan matar nake kallo yana tashi yana sauka a ƙarƙashin mayafi, matan da ke kewaye da ita suna tafi a hankali da 'yan yatsu.

Rana ta sauka daga kan katanga kafin dattijuwar ta lafa. Ta kwanta a gefe ɗaya, aka yayyafa mata ruwa, uwar amarya ta ɗaga mini kai, na janye kiɗan sannu a hankali har ya ƙare. Aka buɗe ƙofa, aka shigo da shayi, hira ta dawo kamar ba a yi komai ba.

Ina naɗe wayoyi dattijuwar ta aiko a kira ni. Ta zauna, idonta ja, muryarta a shaƙe. Ta kama hannuna na dama ta juya shi tana dubawa.

"Wa ya koya miki?"

Na ce, "Yayana ne, Hajiya."

Ta ce, "A'a. Wannan ba hannun namiji ba ne." Ta tambaye ni unguwarmu, na faɗa mata. Ta tambayi layin, na faɗa. Sai ta saki hannun ta ce in gaida mutanen gida.

A waje Yaya na jingine da mota, ya ce me ya sa na maƙale wa waƙa ɗaya haka, ko na'urar ce ta sandare. Na ce matan ne suka so ta. Ya ce to madalla, an riga an yi masa maganar wani bikin a Khartoum, ni suke so. Muka biya ta bakin madatsar ruwa ya sayi soyayyen kifi a takarda, ya miƙo mini. Na karɓa da hagu, ya harare ni, na mayar dama. Yatsana na tsakiya bai daina bin bugun nan ba, sai na ajiye kifin a cinya na ce sai ya huce.