Manhajar da Kowa Ya Yaba

Ko zan manta da duk wuraren da aiki ya kai ni, kwanakin da na yi a fadamar Haɗeja ba za su taɓa fita daga raina ba. Har yau idan na tuna sai haushin ya dawo mini sabo, kuma rabin haushin na kaina ne.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa manoma. Mun haɗa wata manhajar waya da ke gargaɗin masu noman shinkafa idan kogi zai yi ambaliya. Mu a ofis muna ji da ita kamar ɗan fari. An bi ƙauyuka an saka wa mutane a wayoyinsu, amma da wuya ka ga wani ya buɗe ta. Ga damina ta matso. Sai shugabarmu ta miƙo mini doguwar takardar tambayoyi, ta ce in je in ji ta bakin manoman, in gano inda gizo ke saƙa.

Na sauka Haɗeja, na hau acaɓa zuwa wani ƙauye ta wajen Baturiya. Mai gari ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, aka kira manoma.

"Yaya kuke ganin manhajar nan?"

"Madalla."

"Akwai inda take ba ku wahala?"

"Babu, sai godiya."

"To me za mu gyara?"

"Allah dai ya saka da alheri."

Na farko haka, na biyu haka, har na daina ƙirga. Kwana uku ina zaune a tabarmar nan, zafi na dafa ni, ina rubuta "madalla" kamar ɗan makarantar da aka ba horo, da dare kuma in tura wa ofis hoton takardun. Wani ma cewa ya yi tunda aka kawo ta shinkafarsa ta ƙara auki, abin da ko mu da muka yi ta ba mu taɓa yi mata wannan ƙarya ba. Raina ya ɓaci. Idan kowa na sonta haka, wa ya hana su buɗe ta?

Rana ta huɗu na ƙi zama. Na bar takardun a masauki na gangara fadama don in huce. Can na tarar da wani dattijo, ɗaya daga cikin masu ce mini madalla, tsaye cikin ruwa har gwiwa yana saran ciyawar kacala da ta toshe masa hanyar ruwa. Muka gaisa, na ce, "Baba, don Allah buɗe mini manhajar in gani."

Ya fito, ya goge hannu a riga, ya zaro wayar daga cikin leda. Rana ta haske fuskar wayar, ba ya ganin komai. Ya juya baya ya kare ta da hularsa. Yatsunsa sun jiƙe, ya danna ya danna, ta ƙi. Da ƙyar ta buɗe, sai ta nemi lambar sirri. Ya dube ni ya ce, "Wannan kuma wanda ya saka mini ita ne ya sani."

Na tambaye shi ko gargaɗinmu ya taɓa iso masa. Ya ce bara ya ga wani jan abu ya fito da rubutu a ƙasansa. Shi ajami yake karantawa, ba boko ba, sai ya ɗauka caji ne ya ƙare, ya kashe wayar. Bayan kwana biyu ruwa ya zo ya cinye masa shinkafar da ta kusa yanka.

Na ce, "Haba Baba! To me ya sa ka ce mini madalla?"

Ya ce, "Ɗana, baƙo ya kawo maka kyauta, ga mai gari a zaune, sai ka kushe? Kuma ai cewa ka yi yaya nake ganinta. A gani kam tana da kyau."

A nan bakin ruwa na kira shugabarmu na zayyana mata komai. Sai ta ce, "Amma ai takardun da ka turo sun nuna kowa ya yaba." Na ce, "Ranki ya daɗe, yabon ladabi ne." Ta ce ita ba za ta rushe aikin shekara guda don maganar tsoho ɗaya ba. Saura kaɗan in jefa wayata cikin kogi.

Dole na ƙara kwanaki ina bin gona gona, ban tambayi kowa komai ba, sai dai in ce ya buɗe, ni kuma da izininsa in ɗauki bidiyon hannunsa. Da aka kunna a ofis, kowa ya ga matsalar da idonsa. Duk da haka sai da aka sha gardama kafin aka cire lambar sirrin, aka mai da gargaɗin ya zama kiran waya da muryar mutum yana magana da Hausa.

Tun daga nan na koyi cewa mutanenmu ba sa kushe abin baƙo a gabansa. Idan kana son gaskiyar abin da ka yi wa mutum, kada ka zaunar da shi kana tambaya. Bi shi wurin aikinsa, ka saka masa abin a hannu, ka kama bakinka ka zuba ido.