Malam Ya'u da haƙoran ɓeran Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tasha da safen nan ina lodin Gwaram aka kira ni, wai Malam Ya'u ya rasu.

Malam Ya'u dai, malamin dabbobi na nan Birnin Kudu, mai jan babur ɗin nan. Sauke fasinjoji na yi, na fasa tafiyar.

Duk mai kiwo daga Surko har Zandam ya san shi. Ka kira shi duba saniya, ba zai tafi ba sai ya leƙa akurkin kajinka. Ranar da motata ta mace a hanyar Kiyako shi ya goyo ni a babur, yana ta yi min tsiya: "Garba, wannan motar taka allura take so ko yanka?"

Amma ba wannan ne ke cin raina ba. Bari in faɗa, ko na samu sauƙi.

Mahaifiyata, Inna, tun da shanunmu suka ƙare, idonta kuma ya yi rauni, ɓerayen Masar ne abokan hirarta. Akwai wata da take kira 'Yar Fari, a cinyarta take wuni. Inna kuwa jinin kiwo ce, yadda ake turke rago haka ta turke ta: dusa da kanwa, kamu, guntun tuwo. Ciyawa kam, wai ta marasa gata ce.

Sati biyu da suka wuce 'Yar Fari ta daina ci. Sai ta je gaban kwano ta shinshina ta juya, haɓarta jiƙe da yawu. Na ga haƙoran gaba sun yi zaƙo-zaƙo, ni kuma sarkin gaggawa na ɗauko filaya. Allah Ya so Malam ya yi sallama.

"Kai! Ajiye! Taya ka samu?"

Ya buɗe bakinta ya haska da fitilar waya. Can ya ce ba na gaba ne matsalar ba, turamen ciki ne suka yi tsawo har suka danne harshe. Haƙorin wannan dabba ba ya daina tsiro, busasshiyar ciyawa ce ke goge shi.

"Inna, gatan ne ya yi yawa. Yanzu biyu ce. Ko in yi mata allurar barci in goge su, ta yiwu ta farka, ta yiwu ba ta farka ba. Ko a bar ta, yunwa ta kashe ta ga abinci a gabanta."

Inna ta shafa bayan 'Yar Fari, ta ce, "Malam, in dai hannunka ne, na yarda."

Irin allurar da yake so babu a nan, aka bar shi a kan ni zan taho da ita daga Kano. Kafin nan ya koya min dama garin ciyawa in ɗura mata da sirinji.

Ran Litinin ya dawo dubiya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Mutumin da ban taɓa gani da rawani ba, sai ga shi ya naɗe har haɓa, yana ƙamshin kanumfari. Muryarsa ta yi nauyi. Aka kawo masa ruwa, ya kurɓa, ya kasa haɗiyewa. Da ya sunkuya rawanin ya zame, na ga kumburi daga muƙamuƙi har wuya.

Na ce, "Malam, wannan fa ba na wasa ba ne. Mu je asibiti."

Ya ce, "Haƙori ɗaya ne ke min gardama. In na je kwantar da ni za su yi, wannan kuma ba za ta jira ni ba. Kawo allurar in gama da ita, sai ka kai ni da kanka."

Wallahi mota na ƙofar gida, da mai a cikinta. Na ce, "To, Malam."

To kawai. Kuma gaskiyar da ke ƙona ni ita ce, a raina daɗi na ji da ba zai tafi ba.

Yana tada babur ya juyo ya ce, "Ka sa mata ido, Garba. Irinsu ɓoye ciwo suke yi, ran da ka gane ya riga ya yi nisa."

Jiya da la'asar na dawo da allurar. Na kira shi, mai ɗakinsa ta ɗauka, ta ce yana kwance, magana ta gagara. Na ce Allah Ya sawwaƙe, gobe zan leƙo. Gobe! Da asuba kumburin ya toshe masa numfashi. Ba a kai ga asibiti ba.

Ɗazu aka bugo min daga gida. Inna ta sa an share zaure, an shimfiɗa tabarma, ta dama fura da hannunta, don tun kafin in kira shi jiya na ce mata yau Malam zai zo. Tana zaune da 'Yar Fari a cinya, duk babur da ya wuce sai ta ɗaga kai.

Allah Ka jiƙan Malam Ya'u, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Tausayin da ya nuna wa marasa baki, Ka nuna masa wanda ya fi shi. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Jana'iza bayan Azahar. Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, don ga ni a ƙofar gida cikin mota, na kasa shiga in gaya wa Inna.