Na'urar Hadiza a adakar Kawu

Jiya na tarar da ƙanwata Hadiza ta tasa ordinater, wato kwamfuta, a gaba, ido ya cika da ƙwalla.

A jami'a take bincike kan wata 'yar na'ura da ake rataya wa saniya a wuya, ta riƙa aiko da labarin inda garke yake. Ta ba Kawunmu guda ya gwada can wajen Tagriss, amma kwana biyar alamar na'urar a kan taswira ba ta gusa ba. Ta ce shi ke nan, wahalarta ta tashi a banza.

Yau ni da ita muka hau moto har rugar Kawun. Kawu ya buɗe adaka ya fiddo na'urar, naɗe cikin rawaninsa na sallah.

"Kawu, ai ta wuyan saniya ce."

"Na sani, ɗiyata. Amma abin da kika ƙera da hannunki, in bar wa rana da ƙaya?"

Ashe na'urar gaskiya take faɗi, ɗakin Kawu take ta nunawa.

Da hannunsa ya ɗaura wa saniyar da ke jan garke. Kafin mu iso gida Dakoro, alamar ta kama hanyar rijiya.

Ku fa, me tsoffinku suka taɓa adana muku haka?